Kitsen Wutsiyar Rago

Toktosun ya shigo ɗakina da bindigarsa naɗe cikin bargo kamar mai kai jariri asibiti. Maƙwabcina ne a kan tsaunin nan tun muna samari, kuma mutum ne mai taurin kai. Ko doki ya kayar da shi, cewa zai yi shi ya ga damar sauka.

Bindigar tun ta zamanin Sobiyet ce, irin mai tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi da kanta. A hunturun nan sau biyu kerkeci yana faɗa masa garke. A zuwansa na biyu ya harba harsashin farko, kwanson ya maƙale a makwancin harsashi, yana ji yana gani aka tafi da tunkiya. Ɗansa Jumabek, direban babbar mota a garin Narin, ya rantse cewa in ta sake cijewa zai sayar da tumakin, ya sauko da shi da uwarsa Burul cikin gari. A wurin Toktosun kuwa zaman gari da kabari duk ɗaya ne. Shi ya sa ya haɗiye girman kansa ya ce in duba masa, idonsa ya daina ganin ƙananan abubuwa.

Na zare harsasan, na buɗe ta, na ɗaga ta saitin taga. Tsatsa na zaci zan gani. Sai ga wani farin abu ya daskare a jikin ƙarfen, har da ƙura a manne. Na zura buroshi da kananzir, na bi da tsumma, ina tsokanarsa ko miya yake juyawa da ita. Ya karɓi tsumman ya shinshina, nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Kitsen wutsiyar rago ne. Da shi muke shafe jarirai, da shi muke maganin faso da mura, amma babu matar makiyayi da ba ta san abin da sanyi ke yi wa kitse ba. Ballantana Burul, wadda ita ke goge bindigar nan tun tana amarya.

Na so in rufa mata asiri, na ce tsufa ne, kowa yana mantuwa. Bai ko kalle ni ba. Can ya tambaye ni ko matata ta taɓa yi mini maganar tarin da Burul ke yi. Na rasa inda zan sa kaina, sai kawai na faɗa masa gaskiya: tun kaka take tarin jini, kuma ta roƙi matan tsaunin kada su faɗa masa. Ba ta so a ce ciwonta ne ya raba shi da tsauninsa, gara laifin ya hau kan bindiga. Wallahi tausayinsu su biyun ya kama ni.

Na ci gaba da gogewa har na gama. Makwancin ya fito fes yana ƙyalli, na ce masa yanzu kam ba za ta ƙara cijewa ba. Ya yi godiya, ya naɗe ta a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Asan, in Jumabek ya kira ka, ka ce masa ka duba, bindigar ta mutu. Ya zo da motarsa." Ya gyara hularsa. "Ita kuma tsohuwar, kada ka bari ta san na sani."