Burodi Biyu na Tashi Aiki

Ina da wani hali da ba na alfahari da shi: in na yi kyauta, so nake a yi ta gode mini har abada.

Shekara takwas ke nan ina bai wa ma'aikatan gidan burodina burodi bibbiyu in an tashi aiki. A watan farko har rusunawa suke yi. Yanzu kowa sai ya sunkuci nasa kamar gadon ubansa, wani ma har ya latsa ya ji ko da laushi.

Da fulawa ta yi tsada, na tara su a bakin tanda na ce daga yau an daina.

Babban mai gasa mana burodi, wanda muke kira Tsoho, ya goge hannu a rigarsa. "Maigida, burodin nan ai cikin aikinmu yake."

"Cikin wane aiki? Kyauta ce, Tsoho. Ni na bayar, ni na janye."

"To madalla. In wata ya ƙare a haka, masu gidan burodin tsallaken titi sun daɗe suna nemana."

Shi kaɗai ya san halin tandar nan, mai ƙona gefen hagu in ba a lallaɓa ta ba. Na kira ƙanin matata, da yake lauya ne, don ya tabbatar mini da gaskiyata.

"Yaya, ka taɓa rubuta musu cewa kyauta ce, kana iya tsayarwa?"

"Wa ke rubuta takarda a kan burodi?"

"Shekara takwas ba fashi? In suka kai ƙara cewa za su yi ya zama haƙƙi, kuma ba lallai ka ci ba. Zauna da su."

Na kashe wayar. Lauyan gida, amma bakinsa na waje.

Na ƙi zama da kowa. Da yamma na tsaya a ƙofa suna wucewa hannu rabbana, ina jin kaina namiji. Kwana biyu ana haka, da safe matata ta ajiye mini shayi ba komai a gefe.

"Ina burodi? A gidan mai gidan burodi?"

"Kai ka taɓa shigowa da shi? Tsoho ne ke miƙo ɗaya daga cikin nasa kullum in zai wuce gida. Ya ce biyu sun yi masa yawa."

'Ya'yan Tsoho bakwai ne.