Tumaki Ɗari Biyar na Gavin Relf

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Laifin da zan ba ku labarinsa ke nan, kuma na Gavin Relf ne, ɗan marigayi abokina Jonti, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tawa a kwarin Askadel, a arewacin Ingila.

Kwarinmu yana ƙarƙashin hukumar kare duwatsu. Ko akurki ba ka ginawa sai ka kawo hujja. Gavin kuwa ƙatuwar rumfar tumaki yake so, mai ginshiƙan ƙarfe. Ba don tumakin ba. Ya riga ya faɗa a mashaya cewa in ta shekara biyar zai yayyanka ta ɗaki-ɗaki ya riƙa saukar da masu yawon buɗe ido. Hukuma ta ce girman rumfa gwargwadon yawan garke, kuma irin wadda ya zana sai mai tunkiya ɗari biyar. Shi ɗari biyu ya gada.

Amma wace irin ɗari biyu! Dutsenmu babu shinge, garken gida tara ne ke kiwo a kansa, kuma ba sa cakuɗewa. Kowace tunkiya ta san yankin gidansu, uwarta ta nuna mata, ita ma ta nuna wa 'yarta. Na gidan Relf sun kai zuriya shida suna riƙe da gefen Baƙin Tsauni. Wannan sani ba a sayensa a kasuwa.

Wata safiya a ƙarshen kaka na ga manyan motoci uku a ƙofarsa suna sauke tumakin kwari, farare, masu ƙiba, waɗanda ba su taɓa taka tudu ba. Na tarar da shi da gwangwanin jan fenti yana shafa musu alamar gidansu a kafaɗa.

Na ce, "Gavin, baƙi muka yi?"

Ya ce, "Baba Aizak, ka iso a kan gaɓa. Ɗari uku da arba'in ne. Ranar Alhamis matar hukuma za ta zo ƙirga."

"Ɗari uku ai sun ishe ka. Arba'in ɗin fa?"

Sai ya nuna mini motar ƙarshe. Ba saukewa take ba, lodi take yi. Tsofaffin tumakin ubansa ne ake turawa ciki, guda arba'in, masu giɓi, masu furfura a fuska. A gaba har da mai karyayyen ƙaho, wadda shekara goma ita ke jan garken.

Ya ce, "Waɗannan gyatumomin za su ɓata mini hoto. Haƙori babu, nama babu. Kai ma da tunkiya ne, Baba, da tuni mun sa ka a mota."

Na ce, "Da ni tunkiya ce, da na fi ka sanin hanyar gida. Sauke su, ɗana. Wa zai kai garken ƙarƙashin Baƙin Tsauni in iska ta juya?"

"Ai shi ya sa nake gina rumfa."

"Rumfar da ke kan takarda?"

Ya yi dariya ya buga wa direba ƙofa. Mai karyayyen ƙahon ta sa hanci a tsagar katako tana kallon dutse har motar ta sha kwana. Ba a ƙwace wa yaro garma. Na kira karena muka koma gida.

Ranar Alhamis matar hukumar, Madam Hesket, ta zo da takalmin roba da allon rubutu. Ta tsaya a bakin ƙofar garke ana sako su biyu-biyu, ta ƙirga ɗari biyar cif, kowace da jan fenti. Ta sha shayi, ta ci burodi da cuku. Da za ta tafi ta gan ni jingine da katanga.

Ta ce, "Malam Aizak, kai ne dattijon kwarin nan. Duk nasa ne?"

Na ce, "Nasa ne, ranki ya daɗe. Fentin ma nasa ne."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma har yau abin yana cina.

Izini ya fito, da sharaɗi biyu: za a sake ƙirga a bazara, kuma in garke ya gaza, a rushe gini. Gavin ya zuba daɓen siminti ya kafa ginshiƙai goma sha biyu, sai sanyi ya tsayar da magina. Busasshiyar ciyawar da ya tara ta ɗari biyu ce. Kafin Kirsimeti rumbu ya nuna ƙasa. Sai ya buɗe ƙofar dutse ya kora su duka sama.

Baƙo ko da ido makaho ne. Mako uku ina ganinsu suna gararamba, suna kuka a bakin katanga, suna shiga yankin kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan matasan garken Relf. Babu tsohuwa a gabansu, sai suka fara bin mafi yawa.

Ranar sha tara ga Janairu da hantsi iska ta ɗauke ɗif. Hankaka ko ɗaya babu a sama. Na ga tumakina sun jeru da kansu suna nufar maɓoyarsu ba wanda ya kora su. Na je na buga ƙofar Gavin.

"Tattaro su yau. Yanzu."

Ya ce, "Rediyo ta ce dusar ƙanƙara sai jibi, Baba. Ko tumakinka sun fi rediyo?"

"Sun girme ta."

Ya ce zai gama cin abinci. Kafin azahar dusar ƙanƙara ta sauko a kwance, har ba ka ganin hannunka. Kwana biyu tana zuba.

Tunkiyar dutse tana hawa ta fake a bayan tsauni inda iska ke share ƙasa. Tunkiyar kwari kuwa baya take juya wa iska ta yi ta tafiya har abu ya tare ta. Abin da ya tare su shi ne katangar da ke bakin Kwazazzabon Gil, inda dusar ke taruwa ta fi tsayin mutum biyu. 'Yan gidan Relf suka bi su.

Gida tara muka fito da karnuka da dogayen sanduna muna soka dusar. Inda kare ya tsaya mu haƙa. Kwana huɗu muna yi. Gavin yana haƙa da hannu. Ƙarƙashin Baƙin Tsauni kuwa ƙasa a share take, wurin da zai ɗauki ɗari biyar har da saura, ba kowa a ciki sai tumaki tara da suka tuna.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Cikin baƙi ɗari uku da arba'in, ɗari biyu da casa'in da ɗaya suka mutu. Cikin ɗari da sittin na gadon ubansa, talatin da huɗu suka rayu. Ya bi sawun tsofaffin arba'in, ya tarar an yanka su tun watan Nuwamba. A bazara Madam Hesket ta ƙirga tamanin da uku, aka janye izini, ya tumɓuke ginshiƙai goma sha biyu ya farfasa daɓen da hannunsa. Gefen Baƙin Tsauni kuma, na zuriya shida, tumakin maƙwabta, gidan Birket, ne ke kiwo a kansa yanzu.