Tukunyar da Darmaji Ya Tono

Darmaji ya tona gonar ubansa ranar Talata da hantsi, ya ciro tukunya.

Tsoho Kasmidi yana zaune a bakin gonar, yana zuƙar tabarsa mai kanumfari, lokacin da injin Darmaji ya soma kuka. Kwana shida ke nan ɗan nasa yana yawo da wannan abu, sanda mai faranti a baki, yana laluben ƙasa da ita kamar wanda ya yar da allura. Da aka sare rake gona ta zama fili, shi ne ya taso daga Surabaya da injin neman ƙarfe, ya kuma jawo wani Hendro, dillalin kayan da, wanda waya ba ta barin hannunsa. Abin da suka tara bai wuce ƙusoshi da murafun kwalba ba, sai guntun garma ɗaya. Ramukansu kuwa sun fi arba'in, ko ɗaya ba su cike ba.

A garinsu Trowulan kowa ya san akwai tsohon birni a ƙarƙashin ƙafarsa. Kasmidi kansa ya sha tsintar kwabon tsohuwar daular Majapahit mai huji a bakin garma, ya jefa aljihu, ya ci gaba da huɗa. Amma a ce magidanci mai shekara arba'in da uku yana rarrafe cikin turɓaya yana sauraren ƙarfe, wannan bai taɓa gani ba sai a kan ɗan cikinsa.

"Baba, taso ka gani," in ji Darmaji. "Kai da ka ce ba abin da zan samu sai ciwon baya."

Kasmidi ya tashi a hankali. Bai kai ramin ba ya tsaya. Ya dubi kututturen mangwaro, ya dubi faffaɗan dutsen da ya nutse cikin ciyawa. Dutsen nan shi ne dokin ƙofar gidansa na fari, na katako, kafin a kwance gidan a kai shi bakin titi, lokacin Darmaji yana goye. Ramin yana taku biyu daga dutsen, ta hannun dama.

"Kada ka buɗe," in ji shi.

Ya makara. Murfin ya ƙi fita, Darmaji ya sa bakin shebur, tukunyar ta rabe gida uku. Baƙar ƙasa ta zube, da ruɓaɓɓen ƙyalle, da allura da tsatsa ta cinye, da kwabo mai huji wanda ya yi kore. Wani ɗan zoben ƙarfe ya gangaro har gaban takalmin Hendro, irin wanda ke riƙe da abin goge rubutu a gindin fensir. Hendro ya kalle shi, ya ture shi cikin rami da ƙafa, ya tura ƙasa a kai. Kasmidi ya gani.

"Kayan bauta ne na zamanin sarakai," in ji Hendro, yana kai wayar kusa don ɗaukar hoto. "Shekara ɗari shida, in ma ba ta fi ba. Ina da mutum a Jakarta da zai saya yau, fasasshiyar ma yana so. Kaka, zo ka tsaya nan da malafarka. Fuskarka ce za ta sayar mana da ita."

Darmaji ya tofa wa kwabon yawu, ya murza shi a wandonsa.

Kasmidi ne ya sayi tukunyar nan a kasuwar Mojoagung. Ranar da matarsa Tukinem ta haihu, shi ya wanke mabiyiyar da hannunsa har ruwa ya fita fari, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Ya sa gishiri, ya sa allura don yaron ya yi kaifin hankali, ya sa fensir don ya yi karatun da ubansa bai yi ba, ya sa kwabo don kada ya rasa na kashewa. Ya yi wanka, ya sa rigar salla, ya binne ta dama da ƙofa, yadda ake yi wa ɗa namiji. Kwana talatin da biyar yana kunna mata fitila.

"Ƙanenka ne ka fasa wa ɗaki," in ji Kasmidi.

"Wane ƙane? Ni kaɗai kuka haifa."

"Wanda ya biyo ka fitowa. Mabiyiyarka ce. Ni na binne ta."

Darmaji ya daina murza kwabon. Ya dubi baƙar ƙasar da ta shiga masa farce, ya goge hannu a cinya, ya sake gogewa.

Hendro ya yi dariya har da dafa gwiwa. "To, maigida, ka tono kanka da kanka. Amma kwabon fa na gaske ne, ko ba haka ba, Kaka?"

"A gonar nan na tsince shi."

"Ka ji. Rabin maganar gaskiya ce ke nan. Mutumin Jakarta ba zai shinshina tukunya ba."

Kasmidi bai kalle shi ba. Ɗansa yake kallo, yana jira ya ji abin da zai fito daga bakinsa.

"Baba," in ji Darmaji, murya ƙasa-ƙasa, "tsokar nama ce, ta zama ƙasa tun ban yi wayo ba. A Surabaya asibiti ke zubar da ita, ba wanda ya mutu."

"Ta jikokina ma?"

Darmaji ya kau da kai.

Tsohon ya tofar da guntun tabarsa. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya cire malafa ya juya ta. Ya tsince guntayen tukunyar ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe baƙar ƙasar da tafinsa, ya ɗauki allurar. Ya tura yatsa inda Hendro ya taka, ya zaro zoben fensirin, ya busa shi. Sannan ya miƙa wa ɗansa hannu. Darmaji ya ajiye masa kwabon a tafi.

Kasmidi ya miƙe, ya rungume malafar a ƙirji, ya nufi hanyar gida. Akwai sabuwar tukunya a madafa, akwai farin ƙyalle a akwatin marigayiya Tukinem. Hendro yana ta magana a bayansa, bai ji ko ɗaya ba. Sai ga takun ɗansa ya cim masa a kan iyakar gona.

"Baba, tsaya. Ka binne sauran, ban hana ka ba. Amma kwabon ai don ni ka sa shi. Nawa ne. Ba ni."

Tsohon bai juyo ba.

"Ba zan ba ka ba," in ji shi.