Dala Goma Sha Bakwai

Wata uku da binne mijina Lamont, kati ya iso gidanmu a Toledo da sunansa. Wai wani asibiti ya bai wa 'yan talla bayanan duk wanda ya leƙa shafinsa na intanet kan ciwon daji shekara uku baya, kotu ta sa a biya kowa dala goma sha bakwai.

Na kira lauyan da lambarsa ke jikin katin a fusace. "Kun yi kuskure. Sai bara aka gano ciwonsa."

"Ki yi haƙuri, Madam. Sau arba'in ya shiga shafin a shekarar."

Ashe shekara biyu yana cin abincina yana dariya, yana cewa gyambon ciki ne. Masu tallan katifa sun sani. Ni da nake kwana da shi a kanta ban sani ba.