Gorar Lasifikar Baffa Ubale

Mujitaba yana tsakiyar shan koko ƙanwarsa Shamsiyya ta leƙo ɗakin.

"Yaya, ka yi baƙo. Wani mai gilashi, da jaka a baya, takalminsa duk taɓo. Wai a ce maka Abdulganiyu ne."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce masa. Abdulganiyu a Dangora? Da damina, tun daga Kano?

"Kin ce masa ina nan?"

"To ina za ka? Kai da ko ƙofar gida sai an yi da gaske kake leƙawa."

Abdulganiyu injiniya ne, kuma shi ya koya wa Mujitaba aikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda masana daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta intanet suna gyarawa. Duk saƙon da kwamfuta ta aika, kanel yana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya je, amsa ta dawo. Da wannan awon yake sanin ko ya ƙara gudu ko ya sassauta. Tsohon awon yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Abdulganiyu ya yi shekaru yana ƙera sabo mai ƙirga kashi ɗaya cikin miliyan, har aka karɓe shi na gwaji. Sai ya roƙi Mujitaba ya gwada masa a ƙauye, inda sabis yake da rauni.

Mujitaba ya gwada. Kullum, sau biyu da rana, lambobin sukan yi tsalle kamar an tsikare su, su jima a sama, sannan su sauko. Bai kira maigidansa ba. Kai tsaye ya shiga zauren intanet na masu gyaran kanel, inda duniya take karantawa, ya rubuta cewa sabon awon yana cika ya tumbatsa saboda ƙirgar ta yi masa yawa, kuma wanda ya rubuta shi ya yi gaggawa. Aka yi ta yaba masa. Shugabar sashen da ke kula da awon ta ce idan ba a sami bayani ba zuwa yammacin yau, za ta cire aikin Abdulganiyu gaba ɗaya.

Yanzu ga Abdulganiyu a zaure, yana kankare taɓo da tsinke.

"Oga, sannu da zuwa. Ya hanya? Ai da ka kira..."

"Kai ka kira ni?" Abdulganiyu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ban zo faɗa ba. Na gwada a Kano, na gwada a Legas, ban ga komai ba. In awona ya lalace, ina so in gani da idona kafin a binne shi. Ina kwamfutar?"

Suka shiga ɗaki. Shamsiyya ta kawo fura, ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ta ga abin kallo har sai da Mujitaba ya harare ta.

"Ina na'urar da take kamo maka sabis?" Abdulganiyu ya tambaya.

"Tana can sama, a masallacin unguwa. Na ɗaure ta a jikin gorar lasifika, don babu abin da ya kai ta tsawo a nan. Na saita fuskarta tana kallon ƙarfen sabis na bakin titi. Waya ce ta taho daga can har nan."

"Ka gwada tsohon awon tare da sabon a lokaci guda?"

Mujitaba ya sosa ƙeya. "Ban ga amfanin hakan ba. Abin a fili yake."

Abdulganiyu ya dube shi ta saman gilashi. Suka zauna suna kallon layin da ke tafiya a kan allo, miƙaƙƙe, lafiya lau. Rana ta take. Can sai baƙon ya duba agogon hannunsa, ya naɗe hannun riga.

"Azahar ta kusa. A ba ni buta."

"Oga, bisa agogon kwamfuta yanzu ne fa abin zai fara. Mu jira mu gani, sai mu yi tamu a nan."

"Kwamfuta tana ajiye komai. Masallaci yana bayan katangarku, ka ce mu yi a ɗaki? Tashi."

Ba yadda ya iya. Ya cire abin sauraron da ke maƙale a wuyansa, ya nemi hularsa, ya same ta a ƙarƙashin katifa a murƙushe.

Suna shan kwanar katanga suka tarar da Baffa Ubale, ƙanen mahaifin Mujitaba, wanda shi ne ladanin masallacin. Ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya rungumi gindin gorar da ke tsaye cikin wani bututun ƙarfe, yana murza ta da ƙarfi. A can sama, lasifikar ta fara juyawa a hankali, ta bar gari, ta fuskanci fadama. Farin akwatin kamo sabis na Mujitaba, da yake a ɗaure ƙasa da ita kaɗan, shi ma ya bi ta. Ya juya wa ƙarfen sabis baya, ya koma kallon gonakin masara.

Mujitaba ya tsaya cak. Ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

Baffa Ubale ya waigo, ya saki gora, ya tafa hannu.

"A'a'a! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Mujitaba a masallaci da rana tsaka! Ɗana, lafiya dai? Ko injin naka ne ya mutu?"

Dattawan da ke alwala a gindin dalbejiya suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Ashe yana gari? Ni na ɗauka ya koma Kano tun bara."

Abdulganiyu ya durƙusa ya gaida su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Baba, kullum kake juya wannan gorar?"

"Da damina, kullum. Azahar da la'asar mutane suna gona, in ban juya ta ba wa zai ji kira? Idan an idar da salla in mayar da ita. Asuba da magariba da isha kuwa kowa yana gida, sai in bar ta tana kallon gari. Yaran goye ma sun san wannan." Ya nuna Mujitaba da haɓa. "Sai dai wanda ba ya zuwa."

Aka sake dariya. Mujitaba ya kasa ɗaga kai. Lokutan da lambobin suke tsalle suna nan a kansa, ya haddace su, amma da agogon kanel, wanda yake bayan agogon gida da awa guda. Ko sau ɗaya bai taɓa mayar da su agogon bango ba. Shi dai yakan toshe kunnuwa, ya rufe ƙofa, sai ya gaji ya haɗa sallolinsa ya yi a gurguje a gefen gado.

A sahu, kafaɗarsa tana gogar ta mutumin da ya kira mai gaggawa a gaban duniya. Bai san surar da ya karanta ba. Abin da kawai yake ji shi ne zufa tana bin bayansa.

Da aka sallame, Baffa Ubale ya fita ya murza gorar ta koma. Su kuma suka koma ɗaki. A kan allo ga tudun nan: layin ya hau daidai lokacin kiran salla, ya sauko daidai lokacin da aka idar. Abdulganiyu ya matso da fuskarsa, ya ƙara girman hoton. Hawan ba a tsaye yake ba, matakala ce ƙanana.

"Duba nan," ya ce. "Nan Baffa ya murza, nan ya tsaya ya yi maka tsiya, nan ya ƙarasa. Tsohon awon da sai dai ya nuna mana dunƙule ɗaya. Wannan har numfashin Baffa ya kama."

Sai ya yi dariya, dariyar mutumin da aka sauke wa kaya. Mujitaba kuwa, da Abdulganiyu ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Oga, ka yafe ni."

"Bar wannan. Yamma tana matsowa. Kawo in rubuta musu cewa na'urar kamo sabis ce ta sami matsala. Ba ƙarya ba ce, kuma ba wanda zai tambaye ka komai."

Mujitaba ya kalli kwamfutar. Idan Abdulganiyu ya rubuta, za a ce mai kaya ne yake kare kayansa, shugabar sashen tana iya cewa a dakata a sake bincike. Kalmar gaggawa kuma za ta ci gaba da zama a zauren da sunan maigidansa a gefenta.

Ya jawo kwamfutar gabansa. Ya rubuta cewa awon ba shi da aibi, shi ne bai gwada tsohon tare da sabon ba, shi ne mai gaggawar. Ya bayyana gora da lasifika da fadama, ya haɗa da hoton matakalar. Sannan ya ƙara layi ɗaya: abin yana faruwa a bayan katangar gidansu kullum, a lokacin da ya kamata a ce yana wurin.

"Wannan na ƙarshen ba dole ba ne," in ji Abdulganiyu.

Ya aika.

Amsar shugabar sashen ba ta jima ba. Aikin Abdulganiyu zai zauna. Ta nemi izinin saka hoton a cikin bayanin sabon awon, ta kuma tambaya ko za a iya maimaita gwajin, tsoho da sabo tare, a juya gorar a hankali. A ƙarƙashin amsarta, waɗanda suka yaba wa Mujitaba jiya sun fara jera fuskokin dariya.

Shamsiyya ta leƙo. "Yaya, Baffa ya aiko. Wai la'asar ta gabato, kuma bayansa yana ciwo. Ya ce tunda yau ka gano hanya, ka zo ka murza masa gorar."

Abdulganiyu ya kunna awon biyu, ya gyara zama.

"Je ka. A hankali, ka ji ta ce."

Mujitaba ya ɗauki murƙushasshiyar hularsa ya fita. Tun daga kwanar katanga ya hango dattawan a gindin dalbejiya, duk sun juyo suna jiransa.