Sai Ta Lanƙwasa

A ɗakin gwajin iri babu mai kiranta da sunan yanka. Sai-ta-lanƙwasa ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Shekara goma sha tara tana aiki ɗaya: a kawo iri, ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a farantin gilas, ta jera ƙwayoyi, ta sa a kabad mai ɗumi, ta jira ta ga nawa ne masu rai. Abin da take jira shi ne ɗan farin tsinken nan da ke fara fasa ɓawo. A littafin aiki sunansa radikul, wato saiwar da ke kwance a cikin ƙwaya tun ba a shuka ta ba. Ita ke riga ganye fitowa.

Amma fa ba kowace fitowa ce rai ba. Mataccen iri ma in ya sha ruwa yakan kumbura ya turo saiwar waje. Mai rai ce kaɗai ke ƙara tsawo, ta karkata ƙasa. Shi ya sa duk sabon ma'aikacin da ya yi rawar kai zai rubuta "ya tsiro", sai ta fizge biron.

"Kai, gobara ake yi? Sai ta lanƙwasa!"

Dokarta ta biyu kuwa, ba a jiƙa iri duka. Komai ƙanƙantarsa, a rage.

Wata Litinin mahaifinta ya zo wurin aikin da ƙafarsa, yana dogara sanda, da tsohon gwangwanin madara a aljihu. Shekara tara da rasuwar mahaifiyarta, sai yanzu ya iya buɗe akwatinta. Can ƙasa, a ƙullin tsumma, ya tsinci wake ƙwaya bakwai, irin wanda marigayiyar ta taho da shi daga gidan iyayenta take shukawa a bayan gida. Ba wanda ya san inda ake samun irinsa yanzu.

"Auta, duba min. Ko da sauran numfashi?"

"Baba, shekara tara fa."

"To ni da na yi tamanin, ba ga ni ina yawo ba?"

Ta yi dariya ta karɓa. Da ya tafi ta zuba su a tafin hannu, ƙanshin akwatin uwarta ya buge ta. Ƙwaya bakwai, me za a rage a ciki? In ta raba, wa ya sani ko mai ran ce za ta bari a gwangwani? Ta jera duka bakwai ɗin a takarda. Ita fa, mai dokar!

Kwana biyu ta buɗe kabad, sai ga farin tsinke a jikin guda huɗu. Wallahi da irin wani ne, ko kallo na biyu ba za ta yi masa ba sai jibi. Amma nan take ta ɗauki waya.

"Baba, sun tsiro! Huɗu!"

 Can ta ji yana jan hanci, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya kashe.

Rana ta huɗu tsinken yana nan inda ta bar shi, bai ƙara ko ɗigo ba, sai ma ya yi baƙi-baƙi. Rana ta biyar funfuna ta rufe farantin, yana wari. Ka'idar ɗakin ita ce duk farantin da ya yi haka a juye shi a tanderun ƙona shara, kar ya shafa wa sauran. Da hannunta ta juye. Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta nufi gida don ta faɗa masa.

A bayan gida ta same shi. Tsohon da sai an taimaka masa yake sa takalmi, shi ne ya kafce fegin uwarta kaf, ya kafa sanduna huɗu. Tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ya ɗago yana haki, yana murmushi.

"Yaushe za a sallamo baƙin namu?"

"Jibi, Baba," ta ji bakinta ya ce.

Ta zaɓo dashe huɗu daga wani waken da ke ɗakin gwaji, mai kama da shi a ƙwaya da ganye. Wake ai wake ne, haka ta riƙa gaya wa kanta. Baba ya dasa. Safe da yamma yana ban ruwa da ƙaramar buta, yana tsince tsutsa, yana hira da su kamar jikoki. Har ƙiba ya yi. Ita kuwa kullum ta zo gaishe shi, ba ta iya kallon fegin.

A mako na bakwai ya aika a kira ta. Ta tarar da shi zaune kan kujera a gaban fegin. Waken ya yi fure, fari tas.

"Zauna, Auta."

Ta durƙusa a gefensa.

"Na uwarki shunayya yake yi. Shekara arba'in ina ganinsa ta tagar nan."

"Baba, ka yafe min. Ba su da rai. Na yi gaggawar faɗa maka, daga baya kuma na kasa..."

"Na ji. Ba faɗa zan yi ba. Abin da ya mutu ai ya mutu, ni ma na san haka tun ran da na kawo miki." Ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin madarar da ta maido masa ranar dashe, ya buɗe murfin, ya miƙo mata. "Zuba min sauran. Ko ba za su tsiro ba, in riƙa gani."

Ta kalli gwangwanin. Ta kasa ɗaga hannu.

Baba ya daɗe yana riƙe da shi a buɗe.

"Ko ɗaya, Auta?"