Ruwan Da Ake Ganin Ƙasansa

Ni dai tun farko jinina bai haɗu da na Kabtin Lakalan ba. Ka ci gasa, jikinka na ɗigar ruwa, 'yan uwanka ɗalibai na ta kabbara, sai wani zabgegen Bature ya tsaya a kanka ya ce iyonka irin na kare ne. Da Turanci ya faɗa, ya kuma maimaita da gurguwar Larabcinsa don kada in ce ban ji ba. A gasar iyo ta ɗalibai baƙi ne da aka yi a unguwar Abbasiya, ina shekara ta biyu a Alƙahira ina karatun shari'a. Na ce masa sunana Haruna, ɗan Yawuri, a bakin kogin Kwara na buɗe ido, ubana masunci, kakana masunci, babu mai koya mini ruwa. Ya yi dariya, ya miƙo mini kati, ya ce in na isa in same shi a kulob ɗin iyonsu da ke unguwar Zamalek ranar Asabar da sassafe.

Zuciya ce ta kai ni, ba sha'awa ba.

Sunansa na gaskiya Lachlan Merrick, mutumin Ostireliya. Su Misirawa duk mai horarwa kabtin ne a wurinsu, ni kuma bakina ya ƙarasa sauran. Husam, mai kula da ruwan kulob ɗin, shi ya ba ni tarihinsa. Gwanin gajeren zango ne, mita hamsin da mita ɗari, irin iyon nan da ake kifa ciki ana wurga hannu. Yana da shekara sha tara ya zama zakaran ƙasarsu, ya riƙe kambun shekara bakwai. Sau biyu aka yi masa aiki a kafaɗa, kowane karo ana cewa tasa ta ƙare, yana dawowa. A gasarsa ta ƙarshe, ta duniya, shi ne a gaba har saura hannu biyu ya taɓa bango, sai ya ɗan karkata kai don ya ga inda na kusa da shi yake. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya raba shi da zinare, abin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo. Ya ajiye iyo yana da shekara talatin da ɗaya, ya zo Masar koyarwa.

Kulob ɗin na 'ya'yan manya ne, irinmu ko ƙofa ba ma wucewa. Gurbi ɗaya tak aka ba Kabtin na ɗan waje, ya ce ya ba ni aro na wata huɗu. Ranar gwaji in na yi mita hamsin ƙasa da daƙiƙa ashirin da biyar, na zama ɗan tawaga. In ban yi ba, in bar katina wurin mai gadi.

Na sha wuya, wallahi. In idar da asuba a unguwarmu Darrasa, in kama bas, in sauka in taka gada, in faɗa ruwa awa biyu, in dawo aji ido jajur. Lawal, abokin ɗakina, har tambayata yake ko fiƙihun kifaye aka turo ni karantawa. Kabtin kuwa bai bar komai nawa yadda ya same shi ba. Ya gyara ƙafa, ya gyara hannu, ya hana ni numfashi sai sau ɗaya a zango. Ya ce in tura fuska cikin ruwa, na tura. Daga daƙiƙa ashirin da tara na sauko ashirin da biyar da ɗigo huɗu, sai na cije a nan.

Dalili ɗaya ne. Duk sanda ya rage mita biyar in kai bango, sai kaina ya ɗago in duba gabana. Kai na ɗagowa ƙugu ke nutsewa, gudu ya mutu. Kabtin ya yi ihu har ya gaji, ya yi jifa da hularsa, ya shigo ruwa da kansa ya nuna mini baƙin layin da ke ƙasa da alamar da ke ƙarshensa, wadda ke cewa bango ya matso. In ce masa tamam, wato na ji. A sake busa usur, in sake ɗagowa.

Saura mako biyu gwaji ya tsuguna a bakin ruwa ya ce shi ya gane, tsoron bango nake ji, matsoraci kuma ba ya gajeren zango. Kai, ranar na ji haushi! Na fito daga ruwan, na zazzage masa abin da ko Lawal ban taɓa gaya wa ba.

Ina da wa, Yaya Zainu, ɗan farin gidanmu. Don kunyar ɗan fari, Baba bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan. Ina shekara goma, shi sha shida, suka yi tseren iyo da abokansa daga tsibiri zuwa gaɓa. Ya kifa kai yana gudu, ashe akwai wani tsohon jirgi da ya nutse kusa da gaɓa, ruwan damina ya rufe shi, sai ya buga kansa a jikin jirgin. Baba da hannunsa ya tsamo shi washegari. Da aka dawo daga maƙabarta ya kama kunnena ya murɗa, ya ce duk ranar da na tunkari gaɓa kaina a ƙasa, bai yafe ba.

Kabtin ya ce ya yi haƙuri da jin haka, amma ai Baba yana can nesa, ba zai sani ba. Na dube shi na ce ni shari'a nake karantawa, ba sai uba ya gani ba ake saɓa masa. Gara in ajiye katin. Ya murza tabon kafaɗarsa, ya ce, "To mu kira shi."

Ranar Juma'a da hantsi muka yi kiran bidiyo ta wayar yayata Ummukulthum da ke can gida. Baba na zaune a ƙofar gida yana ɗinkin koma, ragar kamun kifinsa. Na riga na koya wa Kabtin gaisuwa, sai ga ƙato guda ya durƙusa a bakin ruwa yana cewa ina kwana Baba, har Ummukulthum ta kasa riƙe dariya. Daga nan ya sa wayata cikin wata leda da ruwa ba ya shiga, ya nutse da ita, ya bi layin nan a hankali tun daga farko har bango, yana haska ko'ina. Da ya fito ya miƙo mini.

Baba ya ajiye allurarsa. Ya tambaya ko ƙasan ne ya gani, na ce shi ne. Ya tambaya ba jirgi, ba kututture, ba dutse, na ce ko tsinke babu, kullum Husam sai ya share.

"Haruna," in ji shi, "ruwan da ake ganin ƙasansa ai ba ruwa ba ne, baho ne."

Ya so ya san me ya sa Baturen ya damu haka, na ba shi labarin zinaren da ya kuɓuce. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki, mai kallon komar wani tasa ce ke yagewa. Ya ɗauki allurar ya yi ɗinki biyu, uku.

"Na janye, amma a cikin bahon nan kaɗai. A Kwara maganata tana nan. Kuma ranar sai na gani da idona."

Ranar gwaji Lawal ya yi fashin darasi ya zo ya riƙe waya a ƙarshen layina. Mu shida ne, sauran duk 'yan kulob. Na hau dakali, na yi bisimilla, usur ya tashi. Ban san komai ba sai layin nan yana gudu a ƙarƙashina. Na ja numfashina ɗaya a tsakiya. Da na zo wajen mita biyar ɗin sai na ji wuyana na son miƙewa da kansa, kunnena na hagu ya yi zafi kamar yanzu aka murɗe shi. Na ce a raina an yafe, na danna haɓa ƙasa. Alamar ta wuce, na wurga hannu, na daki bango har yatsuna suka yi ƙara.

Ƙarfina ya ƙare gaba ɗaya. Na tsaya a nan hannu a bango, kai cikin ruwa, na ɗan wani lokaci kafin in iya ɗagowa. Allo ya nuna ashirin da huɗu da ɗigo takwas. Kabtin ko allon bai duba ba, ni yake kallo yana gyaɗa kai, idonsa ya yi ja. Murna ta kama ni har na daki ruwa.

Lawal ne kaɗai bai yi murna ba. Ya sunkuyo ya raɗa mini cewa da kaina ya ƙi fitowa, Baba ya miƙe tsaye ya ƙwala kira sau biyu, kuma ba ni ya kira ba. Sunan Zainu ya kama.

Na karɓi wayar. Fuskar Baba ta cika gilashin, yana share ido da bakin rigarsa kamar wani abu ne ya faɗa masa. Na ce Baba na ci, ashirin da huɗu da ɗigo takwas, sun ɗauke ni.

"Ni ban san wannan ba," in ji shi. "Gobe in ka taɓa bangon, ka ɗago da wuri."